Yadda Ake Gano Daminar Afirka ta Dubban Shekarun Baya: Tambayoyi da Amsoshi

Tsofaffin tashoshin auna ruwan sama a ƙasar Hausa da kewayenta, irin na Kano da Damagaram da Yamai, sun fara aiki ne a farkon ƙarni na 20, wajen 1905. Duk adadin ruwan da muke da shi a rubuce bai wuce na shekara 120 ba ke nan. Amma sai ka ji masana suna ba da labarin daminar shekara 8,000 da suka wuce, har suna faɗin inda ta tsaya da lokacin da ta ja baya. Ga tambayoyin da aka fi yi game da wannan aiki.

Babu ma'auni, babu rubutu, ta ina ake sanin ruwan da ya sauka a wancan zamani?

Ruwan sama ba ya sauka ya wuce haka nan. Shekarar da ya yi yawa tafki yakan cika, gishirinsa ya ragu, daji ya yi duhu, ƙura ta kwanta. Shekarar fari kuwa akasin haka. Akwai wuraren da wannan bambanci yake taruwa ya kwanta, na bana a kan na bara, ba tare da wani abu ya dagula shi ba. A Afirka wurin da ya fi kowane amfani shi ne ƙasan tafki.

Masu aikin sukan kafa dandamali a kan ruwa, daidai inda tafkin ya fi zurfi, su danna bututu cikin laka, su riƙa zaro shi gaɓa-gaɓa. Kowace gaɓa ana rubuta mata zurfinta da kibiyar da ke nuna sama, a toshe bakunanta, a ajiye ta a sanyi. Idan an kai ɗakin bincike sai a tsaga ta gida biyu a tsaye, rabi a adana, rabi a yayyanka. Tun kafin a kai ga na'ura ido ma yana gani. Baƙar laka mai warin ruɓa ta kwanta ne lokacin da ruwa ke da zurfi. Fara mai ɓurɓushin kanwa tana nuna tafkin ya ja baya. Idan kuwa aka tarar da ƙasa mai tauri da tsagewa da saiwoyin ciyawa a tsakiyar lakar, to, tafkin ya taɓa ƙafewa ƙarƙaf, har tsiro ya fito a inda kifi yake.

To, me ake nema a cikin lakar?

Na farko ƙurar fure, irin bununin da ke tashi daga kan gero. Kowane tsiro da siffar tasa, kuma ɓawonta ba ya ruɓa cikin laka. Mai bincike yakan zauna gaban madubin ƙara girma ya ƙirga ƙwayoyi ɗaruruwa daga yanki guda: wannan ta ciyawa ce, wannan ta kacalar bakin ruwa, wannan ta itacen kurmi. Aiki ne mai cin ido da haƙuri. Da shi Ulrich Salzmann da abokan aikinsa suka nuna, daga Tafkin Tila da ke tudun Biu, cewa wajen shekara 10,000 da suka wuce yankin yana da itatuwan da yau sai ka gangara kudu sosai kake ganinsu, kuma a hankali suka riƙa raguwa.

Na biyu ƙananan halittun ruwa masu ɓawo, musamman dayatom. Wasunsu ba sa rayuwa sai a ruwan daɗi, wasu kuma sai a mai gishiri, don haka su ne ke faɗin ko tafkin yana cika ko yana tsotsewa. Na uku kakin da ke jikin ganye. Haidurojin ɗin da ke cikin ruwan sama iri biyu ne, mai nauyi da mara nauyi, kuma idan ruwa ya yi yawa mara nauyin ne ke rinjaye. Tsiro yana shan ruwan ya gina kakin ganyensa da shi, ganyen ya ruɓe, kakin ya saura. Sai kuma ƙura: yawanta a cikin laka yana nuna yadda ƙasa ta tsiraita.

Ba a dogara da ɗaya. Sai biyu ko uku sun yi magana ɗaya ake yarda.

Yaya ake sanin shekarun kowane yanki?

Hanyar da aka fi sani ita ce kabon-14, wadda Willard Libby ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1940, ta kuma kai shi ga kyautar Nobel a 1960. Duk mai rai yana ɗauke da wannan sinadari, daga ranar da ya mutu kuma sai ya fara raguwa, rabi a kowace shekara 5,730. Ana auna abin da ya saura a cikin gawayi ko iri ko ƙashi. Iyakarta kimanin shekara 50,000. Tana da tarko ɗaya da ya shafi yankinmu: tafkin da ruwan ƙarƙashin ƙasa ke ciyar da shi yana ɗauke da tsohon kabon, sai ɓawon katantanwa ya nuna shekarun da suka fi nasa. Shi ya sa ake fifita ganye ko irin tsiron tudu.

Yashi kuma da tasa hanyar, wadda ke auna tsawon lokacin da ƙwayar yashi ta yi rabonta da hasken rana. A wasu tafkuna ƙalilan laka tana kwanciya ne layi biyu a shekara, mai haske da mai duhu, sai a ƙirga su kawai.

A Turai da Amurka zoben itace ake ƙirgawa. Mu me ya hana?

Can sanyi ne ke tsayar da girman itace sau ɗaya a shekara, zoben ya fito sarai. A nan itatuwa da yawa zobensu ba ya fita, wasu su yi biyu idan damina ta yanke ta dawo, ga gara, ga gobarar daji, ga gatari. Gawo ma nasa tsarin daban ne, da rani yake ganye. Duk da haka an samu nasara a wasu wurare. Itatuwan sida na duwatsun Atlas a Maroko sun ba da tarihin fari tun daga shekarar 1049. A Zimbabwe an samu na shekara 200. A arewa maso gabashin Afirka ta Kudu Stephan Woodborne ya auna kabon da ke cikin kututturan kuka, ya fitar da tarihin ruwa na shekara 1,000. Kukokin ƙasar Hausa, masu yawa da tsufa, suna nan suna jiran mai irin wannan aiki.

An ce har da fitsarin rema ake aiki. Wasa ne?

Gaskiya ce. Rema tana da ɗabi'ar yin fitsari a wuri ɗaya cikin kogon dutse, iyaye da 'ya'ya da jikoki. A busassun wurare kamar Namibiya fitsarin yakan daskare ya taru, ya kama ƙurar fure a cikinsa, wani tarin ya kai dubban shekaru. Brian Chase ya yi suna a kansa, kuma a yankin da babu tafki shi ne madogara.

Akwai sauran shaidu. Duwatsun da ɗigon ruwa ke ginawa a cikin kogo, kamar na Makapansgat a Afirka ta Kudu. Murjanin teku a gaɓar Kenya. Ƙanƙarar kan Dutsen Kilimanjaro, wadda Lonnie Thompson ya haƙo a 2000, ya ce ta kai shekara 11,700, ko da yake wasu masana suna jayayya da wannan lissafi.

Da gaske ne Sahara ta taɓa zama kore?

Wannan kam babu gardama a kansa. Daga kimanin shekara 14,500 zuwa 5,500 da suka wuce, in ban da wasu tsaiko a tsakani, iskar damina tana kutsawa arewa fiye da yau nesa ba kusa ba. Ba kurmi aka yi ba. Daji ne na ciyawa da itatuwa jefi-jefi, da tafkuna da fadamu.

Babbar shaida tana ƙarƙashin ƙafar mutanen Maiduguri. Dogon tudun yashin nan da ya bi ta Maiduguri da Bama ya shiga Kamaru har wajen Yagwa tsohuwar gaɓar Tafkin Chadi ce. Tsayinsa daga teku kusan ɗaya ne duk inda ka auna, wajen mita 320, alhali ruwan tafkin na yau yana wajen mita 280. Da aka bi wannan gaɓa da hotunan tauraron ɗan'adam, sai aka ga tafkin da ya kai murabba'in kilomita 350,000, fiye da kashi ɗaya cikin uku na faɗin Nijeriya. A 1963, lokacin da dattawa ke cewa tafkin yana cike, 25,000 ne kawai. Wurin da ya fi zurfi a wancan tafki shi ne kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda ruwa ya haura mita 150. Yau Bodele ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura, kuma farar ƙurar tasa ɓawon dayatom ne da suka mutu a wancan ruwa. Kaso mai yawa na hazon da ke rufe Kano da hunturu daga can yake tasowa.

A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, kusa da Kogin Komadugu Gana a Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da itace a zurfin mita 5. A 1994 Peter Breunig na Jami'ar Frankfurt da Abubakar Garba na Jami'ar Maiduguri suka tono shi: kwalekwale ne mai tsawon mita 8.4, an sassaƙa shi da itacen dangin madaci, shekarunsa kimanin 8,000. Babu wanda ya girme shi a Afirka cikin waɗanda aka gano.

A Gobero, cikin hamadar Tenere a Nijar, ayarin Paul Sereno ya je neman ƙasusuwan dinoso, manyan dabbobin da suka ƙare tun kafin zuwan ɗan'adam, a shekarar 2000, sai ya tarar da maƙabarta mai kaburbura wajen 200 a bakin busasshen tafki. Akwai ƙasusuwan giwan ruwa da dorina da kada, da masun kamun kifi na ƙashi. Abin lura shi ne al'umma biyu ce ta zauna a wurin. Ta farko daga kimanin shekara 9,700 zuwa 8,200 da suka wuce, sai fari ya kore ta, wurin ya yi kusan shekara 1,000 babu kowa, sannan wasu mutane daban masu shanu suka zo. Ko a cikin zamanin albarkar ma an yi fari mai tashin gari.

Ƙara da raƙuman dawan da aka zana a dutse a Dabus, arewa da Agadas, babban ya fi mita 5, da busassun kwaruruka irin Dallol Bosso da Dallol Mawri waɗanda koguna ne a da, da 'yan kadojin da suka maƙale har yau a wani tafkin dutse a duwatsun Ennedi na Chadi.

Me ya kawo ruwan, me ya ɗauke shi?

Yadda duniya ke kewaya rana. Hanyarta ba da'ira ce cikakkiya ba, akwai lokacin da take kusantar rana a shekara. A yanzu wannan yana faɗowa ne a farkon Janairu. Amma sandar da duniya ke juyawa a kanta tana layi a hankali, lokacin kusantar ranar yana gusawa, yana kammala zagaye ɗaya cikin kimanin shekara 21,000, don haka shekara 11,000 da suka wuce a watan Yuli ake kusantar ranar. Zafin da ke sauka a arewacin Afirka da damina ya fi na yau da kusan kashi 7 cikin 100. Ƙasa ta fi zafi, ta fi jawo iska mai laima daga Tekun Atlantika. Milutin Milankovic, ɗan Sabiya, shi ya yi lissafin wannan juyi, John Kutzbach kuma ya gwada shi a kwamfuta a 1981 ya ga lallai yana ƙarfafa damina.

Sai dai rana ita kaɗai ba ta isa ba. Da ciyawa ta rufe yashi, ƙasa ta yi duhu ta ƙara riƙe zafi, ƙura ta ragu, tafkuna suka ƙara laima, ruwa ya jawo ruwa. Abin ya sha faruwa. A ƙasan Bahar Rum akwai baƙaƙen layuka da ke kwanciya duk lokacin da Kogin Nilu ya yi ambaliya mai yawa, kuma suna maimaituwa daidai da wannan zagaye.

Bushewar farat ɗaya ta zo ko sannu a hankali?

Nan ne masana suka yi shekaru suna kai ruwa rana. A 2000 Peter deMenocal ya nuna, daga lakar teku a gaɓar Muritaniya, cewa ƙura ta ƙaru kwatsam shekara 5,500 da suka wuce, cikin 'yan ƙarnuka. A 2008 Stefan Kröpelin ya zo da lakar Tafkin Yowa da ke Uniyanga a arewacin Chadi, tafkin da ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hana shi ƙafewa duk da rana tana shanye kusan mita 6 a shekara. Lakarsa ta shekara 6,000 ta nuna itatuwa sun fara tafiya, sannan ciyawa, sannan yashi ya zo, cikin dubban shekaru. A ganina kowannensu ya faɗi gaskiyar inda ya haƙa. Binciken da ya biyo baya ya nuna damina ta ja da baya ne daga arewa zuwa kudu, kowane wuri da lokacinsa, wani da gaggawa wani da jan ƙafa. A dausayin Kajemarum da ke ƙasar Manga a arewacin Yobe, ƙura ta fara ƙaruwa shekara 4,700 da suka wuce, ruwa kuma ya ragu bai sake komawa yadda yake ba bayan 4,100.

Kafin zamanin koren fa?

Ya fi yau muni. Wajen shekara 20,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Turai, hamada ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomita. Jigayin yashin da ake nomawa yau tsakanin Kano da Haɗeja da Nguru tuddan hamada ne da ciyawa ta ɗaure daga baya, kamar yadda A. T. Grove ya bayyana tun 1958. Tafkin Biktoriya, da duk girmansa, ya ƙafe wajen shekara 16,000 da suka wuce. Ruwan da rijiyoyin burtsatse masu zurfi ke fitarwa a Borno, wanda a da yake tultulowa da kansa, an auna wani ya haura shekara 20,000, iskar da ta narke a cikinsa kuma ta nuna ya sauka ne lokacin da yankin ya fi yau sanyi da digiri 5 zuwa 6. Ruwan da ba daminar bana ke mayar da shi ba ke nan, abin da ya kamata masu haƙa burtsatse barkatai su sani.

Farin 1973 da na 1984 su ne mafi tsanani da aka taɓa yi?

A cikin abin da aka auna, farin da ya fara a 1968 ya ja har shekarun 1980 ya fi kowane tsawo, ko da yake yunwar Kakalaba ta 1914 ma ba a manta da ita ba. A cikin abin da laka ta adana kuwa, a'a. Kajemarum ya nuna cewa daga shekara 1,500 da suka wuce an riƙa yin fari na gomman shekaru har zuwa ƙarni guda. Tafkin Bosumtwi kusa da Kumasi a Gana, ramin da dutse daga sama ya haƙa fiye da shekara miliyan ɗaya da suka wuce, yana da layukan shekara-shekara. Timothy Shanahan da abokan aikinsa sun karanta na shekara 3,000 a 2009, suka tarar da fari daga wajen 1400 zuwa 1750, har itatuwa suka tsiro a inda ruwa ya janye. Kututturansu suna nan cikin ruwa. Duk wanda ke tsara madatsar ruwa ko rumbun abinci na ƙasa bisa lissafin shekara 120 kaɗai, bai ga mafi munin abin da wannan yanki ke iya yi ba.

Ke nan ana iya cewa milimita kaza aka yi a shekara kaza?

Ba a kai nan ba, kuma duk wanda ya faɗa maka haka ka yi taka-tsantsan da shi. Yawancin shaidun suna cewa ne wannan ƙarni ya fi wancan ruwa. Idan an ba da adadi, yana zuwa da ratar kuskure mai faɗi. Tafki yana iya sauka don ruwa ya ragu, yana iya sauka don zafi ya ƙaru. Itatuwa suna iya ɓacewa don fari, suna iya ɓacewa don manoma sun zo.

Kuma Afirka ba gari ɗaya ba ce. A ƙarnukan da Bosumtwi ke ƙasa, Tafkin Naibasha a Kenya galibi cike yake. Tafkin Chadi ma, bisa binciken Jean Maley, ya yi sama a ƙarni na 17. Haɗa hoton nahiya guda yana nufin tara wurare masu yawa a daidaita shekarunsu, ga shi kuwa wuraren sun taru ne a gabashi da kudancin Afirka. Tsakanin Sakkwato da Katsina da Maraɗi taswirar kusan fara ce fat, kuma yawancin lakar da aka haƙa a yankinmu a Turai da Amurka aka auna ta.

Wannan ba kutsawa cikin gaibu ba ne?

Ba duba ba ne, ba kuma faɗin abin da zai faru gobe ba. Bin sawu ne, kamar yadda maharbi ke duban ƙasa ya ce barewa ta wuce nan da asuba. Yana iya kuskure, wani ya zo ya gyara masa.

Tunda yanayi ya saba canzawa da kansa, ɗumamar da ake magana yanzu ba komai ba ce ke nan?

Shaidun ba su ce haka ba. Juyin duniya yana ɗaukar dubban shekaru, kuma a yanzu ba ya wurin da zai kawo ɗumama. Iskar kabon da ke sama ta tashi daga kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420, alhali ƙanƙarar Antaktika ta nuna ba ta wuce 300 ba cikin shekara 800,000. Abin da tarihin ya koyar shi ne daminar Afirka ta Yamma ba ta buƙatar turi mai yawa kafin ta gusa.

Ko Sahara za ta sake kore? Manhajojin hasashen yanayi ba su daidaita a kan makomar Sahel ba, da yawa suna nuna ƙarin ruwa a tsakiya da gabas, da raguwa a yamma wajen Senegal. Kuma waɗannan manhajoji, idan aka ce su kwaikwayi shekara 6,000 da suka wuce, yawancinsu ba sa kai damina arewa yadda laka ta nuna ta kai. Wannan gwaji na daga cikin manyan amfanin aikin gaba ɗaya, domin yana nuna inda manhajar ke da rauni.

Idan na ci karo da irin waɗannan abubuwa wajen haƙa rijiya ko ɗiban yashi, me zan yi?

Abu mafi daraja shi ne zurfin da aka same shi da irin ƙasar da ke sama da ƙasa da shi. Katantanwa ko ƙashin kifi da aka kawo a aljihu ba a san daga ina ya fito ba, amfaninsa kaɗan ne. Ka ɗauki hoto tun yana wurinsa, ka auna zurfin da igiya, ka rubuta. Kada a wanke gawayi ko itace, kada a shafa masa mai ko fenti, domin sabon kabon yana ɓata awon shekaru. Itacen da ya fito daga jiƙaƙƙiyar ƙasa a bar shi a jiƙe, in ya bushe zai tsattsage. Sannan a sanar da mai gari, a kai maganar ga Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ko sashen nazarin kayan tarihi na jami'a mafi kusa, kamar na Ahmadu Bello a Zariya ko Jami'ar Maiduguri. A Nijar kuma, Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai.